Tuwo da Miya da Nama

A makon farko da komawa hutu, wajen ƙarshen watan Afrilu, shugabar makarantarmu ta aiko a kira ni. Na same ta a ofis tana fifita da bangon fayil, ba wuta, zafin Kano na wannan lokaci kuwa ba sai an ba mutum labari ba. Ta ce bana ba ta son a sake ɗauko makaɗa daga waje ranar bikin yaye ɗalibai, domin bara an biya su kuɗi, suka zo bayan babban baƙo ya tashi.

"Malam, ba kiɗa ka karanta ba? To ga yara nan. Ka haɗa mana wani abu namu na kanmu."

Na ce, "Ranki ya daɗe, da wane kayan?"

Ta jawo durowa ta miƙo mini makullin sito.

Abin da na tarar a siton bai wuce gangunan fareti uku ba, waɗanda ake buga wa yara da safe in za su shiga aji: ƙanana biyu, da babba ɗaya da fatarta ta tsage daga gefe aka liƙe da salatif. Ni ina koyar da darasin al'adu da fasaha ne a ƙaramar sakandare. Na karanta kiɗa a kwalejin ilimi, na iya rubuta shi a kan layukan nan biyar na Turawa, amma a gidanmu ba wanda ya taɓa rataya ganga. Har kakata ta rasu tana tsokanata da "makaɗin takarda". Biki a watan Yuli ne, wato ina da mako 11.

Na yi sanarwa a wajen taron safe, yara fiye da 40 suka cika mini aji. Na tafa musu wani ɗan salo da hannu na ce kowa ya maimaita, sannan na ƙara masa wuya. A ƙarshe na riƙe 14, maza 9 mata 5, daga aji biyu na ƙaramar sakandare da aji ɗaya na babba, don 'yan aji uku jarrabawa ta sha musu kai. Kowa na ba shi takarda ya kai wa iyayensa su sa hannu.

Kafin a yi maganar me za a kaɗa, sai da na zauna na ware abin da ba za a taɓa ba. A Kano ganga ba ganga ba ce kawai, kowace da mai ita. Tambari na sarki ne, ba wanda zai ɗora shi a gaban yaran makaranta ko da an ba shi kyauta. Jauje da kakaki su ma na fada ne, ana jin su a hawan Daushe da hawan Nassarawa, can ya kamata a bar su. Bandiri na zikiri ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga maukibin Ƙadiriyya ya taso daga Kabara ya san ba abin da za a cusa cikin wasan makaranta ba ne. Abin da ya rage mini shi ne kalangu, da kuntuku, da ganga, da ƙwarya da shantu na mata, da kuma gwangwanaye, waɗanda duk yaron da ya taɓa yin tashe daga goma ga azumi ya san yadda ake sa su magana. Na so samun kuge don riƙe lokaci, ban samu ba, sai mai gadinmu ya ciro mini ruwan tsohuwar fartanya ya haɗa mini da ƙusa 'yar inci shida. Ita ce ta riƙe mu har ranar biki.

Kuskurena na farko ya ci mako biyu. Na zauna da kwamfuta, na buɗe MuseScore, manhajar rubuta kiɗa, duk daren da aka kawo wuta ina rubutu har sai an ɗauke. Na fitar da kiɗa na minti 9 mai layi 7, da shiga da fita da sauyin gudu har sau huɗu. In na sa abin ji a kunne na saurara, har wani girgiza kai nake. Kwamfuta ba ta gajiya, hannunta ba ya sagewa, ba ta kuma waiwayawa ta ga ko ƙawarta na yi mata dariya. Ranar da na raba wa yaran takardun, wani ɗan aji biyu ya juya tasa sama da ƙasa ya ce, "Malam, ta ina ake farawa?"

Na koma allo. Na zana gidaje 12 a jere, kamar na dara, na ce kowane zagaye na kiɗan nan gida 12 ne. Babbar ganga tana sauka sau 4, wato bayan kowane gida uku. Ƙwarya tana sauka sau 6, bayan kowane gida biyu. Daɗin abin yana wurin da ukun nan da biyun nan suke goga juna, su rabu, su sake haɗuwa a gida na farko. Wannan ya fi takarda, amma da sharaɗi: muddin idonsu na kan allo suna tafiya, da zarar na tsaya a gabansa sai komai ya watse. Ƙirga ma ta ƙi. Lambobinmu dogaye ne, kafin yaro ya gama faɗin "goma sha ɗaya" zagayen ya wuce shi ya dawo.

Ana cikin haka na shiga Kasuwar Kurmi neman kalangu. Kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, na ɗauka ba abin da zan nema in rasa. Na samu kalangai kuwa, masu jan fata da tuntaye, amma na ado ne, irin waɗanda baƙi ke saya su rataye a falo. Na matsa ɗaya a hammata, muryarsa ko motsi. Mai rumfar ya yi dariya ya ce in na kaɗawa nake so, in tafi wajen Abbatuwa in tambayi wani dattijo da ya shekara yana yi wa mahauta kiɗa.

Na same shi a gindin wata bishiya yana ɗinkin bakin wani kalangu. Na gaishe shi na faɗi abin da ke tafe da ni. Kuɗin da makaranta ta ba ni bai kai na kalangu biyu ba, sai ya sayar mini da ɗaya, ya ara mini ɗaya da kuntuku, bisa sharaɗin zai zo ya ga hannun da za su shiga. Ranar Alhamis ya zo a adaidaita sahu, ya zauna a bencin baya, ya jingine sandarsa. Muka kaɗa masa abin da muka iya, kusan minti biyu ba mu yi tuntuɓe ba, har ina jin kaina. Da muka tsaya ya yi shiru, can ya ce:

"Malam, kalangun nan me yake cewa?"

Na ce, "Baba, ba ya cewa komai, salo ne dai na tsara."

"To ai shi ya sa yake fita daga kansu. Yaro zai riƙe abin da ba magana ba?"

Ya karɓi kalangun daga hannun yaron, ya saƙala a kafaɗa, ya gyara riƙon gulka. Ya ce wa yaran su faɗi "kuka", na ido. Suka faɗa. Ya matse tsarkiya da hammata ya buga sau biyu, duka a sama. Ya ce su faɗi "kuka", ta miya. Ya buga na farko a matse, na biyu ya saki hannu muryar ta faɗo. Ajin ya kaure da dariya, don kowa ya ji kalmar ta fito daga fata ƙarara. Na san wannan a littafi, na ma taɓa rubuta shi a jarrabawa: Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuma yana bin hawa da saukar murya ne, shi ya sa mahauci ko ɗan dambe yake jin takensa daga nesa ya san da shi ake. Sanin bai taɓa sauka hannuna ba sai ranar.

Daren nan ban kunna kwamfuta ba. Na ɗauki littafin rubutu na fara neman maganganun da za su cika gida 12. Abin da na gano shi ne harshen da kansa ya riga ya yi mini rabin aikin. Gaɓa mai sauƙi, irin "da", gida ɗaya take ci. Mai nauyi, irin "na" ta cikin "nama", gida biyu. Na yi ta gwada jimloli ina ƙirgawa da yatsu kamar mai lissafin bashi, matata tana tambaya ko lafiya. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na faɗa kan wannan: tuwo da miya da nama. Ƙirga ka gani. Tu ɗaya, wo biyu, da ɗaya, mi ɗaya, ya biyu, da ɗaya, na biyu, ma biyu. Sha biyu cif, bugu 8, ga kuma hawa da sauka a shirye: sama, sama, ƙasa, sama, ƙasa, ƙasa, sama, ƙasa. Shi ya zama layin kalangu. Babbar ganga na ba ta "Kano gari, Kano gida", kalma huɗu kowace gida uku, ana saukar da sanda a farkon kowace kalma.

Na mata ban samu ba sai su suka samo wa kansu. Ina neman gaɓa shida masu nauyi, na kawo musu wata jimla mai wa'azi a kan neman ilimi, suka karɓa ba yabo ba fallasa. Muna atisaye ne bayan an tashi, daga biyu da rabi zuwa kiran la'asar, cikin aji mai rufin kwano. Wata rana na fita shan ruwa, ina dawowa na ji 'yar Gwammajan nan da ke jan ragamarsu tana bugun ƙwarya tana rerawa, sauran na amsawa: "Yau ma mun zo mun sha." Suka gan ni suka yi tsit. Na ƙirga a zuciyata, shida ne, duka masu nauyi. Na ce me kuka sha? Ta ce, "Rana mana, Malam." Na goge tawa daga allo na rubuta tasu.

Cikin kwana uku abin da ya gagara mako uku ya zauna. Ba wanda ya ƙara kallon allo. In yaro ya ɓata, ba na cewa ka makara da rabin gida, sai in ce "ka cinye naman", ko "ina miyar?" ya gyara da kansa.

Zuwan Baba na biyu ya raba ni da sashen da na fi so. Akwai wani wuri a tsakiya da gangunan fareti da kuntuku suke rufa wa juna baya da gudu, ni a raina nan ne ƙololuwar kiɗan. Yana ji ya ɗaga sanda. Ya ce wannan ya yi kusa da abin da ake kaɗa wa 'yan tauri, in akwai mai abin a cikin taro zai iya tsuma, kuma ko ba kowa, manya za su ji su ce me ake koya wa yara. Ni ban ɗauko shi daga ko'ina ba, ko dai in ce ban san na ɗauko ba. Wanda ya tashi a cikin birni kunnensa cike yake da abubuwan da bai san ranar da suka shiga ba. Na so in yi gardama. Na dubi shekarunsa a cikin sana'ar na dubi nawa, na cire.

A mako na shida na rasa babban makaɗina. Yaro ne ɗan aji ɗaya na babbar sakandare, bahago, mara magana, wanda tun ranar gwaji na ga hannunsa daban yake. Shi na rubuta wa doguwar maganar kalangu ta buɗewa, inda yake kirarin gari shi kaɗai, Kano ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka, kafin kowa ya shigo. Ashe yayarsa ce ta sa hannu a takardar. Mahaifin ya ji labari a bakin maƙwabta. Na bi shi har shagonsa a Kantin Kwari, ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini lemo, ya bari na gama duk bayanina a kan manhaja da al'ada. Sannan ya ce:

"Malam, na ji ka, kuma na san ba da mugun nufi kake ba. Amma mu ba gidan roƙo ba ne. Na kai shi ya yi karatu ne."

Na ce, "Alhaji, ai ba roƙo zai yi ba."

"Wanda ya gan shi da kalangu a hammata ba zai tambaye ka ba."

Ban da amsar wannan. A garin nan mutum zai yi wa makaɗi kyautar babbar riga, gobe makaɗin ya aiko neman auren 'yarsa ya ce a kai kasuwa. Ni kaina da na karanta abin a kwaleji, fiyano da takarda ne suka sa ake ce mini Malam. Na yi masa godiya na taso.

Na raba layin yaron gida biyu, na ba yara biyu, ɗaya ya faɗi rabin kirarin ɗaya ya ƙarasa. Na rage kwalliyar da ke ciki don hannunsu ya kai. Ya yi, ba laifi, amma bai taɓa kama ƙafar yadda yake a hannun bahagon ba, kuma har yau in na tuna buɗewar nan ta farko sai in ji haushi. Shi kuwa yakan tsaya a bakin taga in an tashi, jaka a baya, yana bi da yatsu a jikin ƙarfen tagar. Ban kore shi ba, ban kuma kira shi ciki ba.

Sauran makonnin aikin gyara ne, mai cin rai. Babbar matsala gudu. Na sa manhajar ƙirga bugu a waya, mukan fara a 100 a minti, kafin a je tsakiya sun kai 130, kowa na tsoron a bar shi a baya. Yaranmu sun saba da kiɗan fiyano na situdiyo, inda na'ura ke riƙe lokaci ba ta gaba ba ta baya, ba su taɓa sanin cewa riƙewar aikin wani ba ne. Na ɗauki yaron da ya fi kowa sanyin jiki, wanda da farko na yi niyyar sallama, na ba shi fartanya da ƙusa na tsayar da shi a tsakiya. Ba ya burge kowa, amma ko gobara ake ba zai ƙara sauri ba. Sai matsalar ƙara: babbar ganga tana danne shantu gaba ɗaya. Na naɗe kan sandarta da tsumma, na mayar da ita can baya, na jawo mata gaba. Ƙwarya biyu muka kife a kan ruwa cikin baho, muryarsu ta yi zurfi ta fito. Shantu dai ya ƙi jin magana, don muryarsa ta ɗaki ce, sai na ware masa wurinsa shi kaɗai, zagaye takwas, kowa ya yi shiru sai shi da fartanya. Duk yamma ina ɗaukar atisayen a waya in saurara a gida, in yanke abin da ya yi yawa. Minti 9 ya dawo 5 da rabi.

Abin da ya fi ba su wuya ba bugu ba ne. Dab da ƙarshe na sa a ɗauke kiɗa ɗif na zagaye ɗaya, sannan kowa ya faɗo tare a gida na farko. Kullum sai an samu mai riga malam masallaci. Maganinsa shi ma magana ce: na ce kowa ya faɗi "tuwo da miya da nama" a cikinsa, baki rufe, sannan ya buga.

Abin da ban lissafa ba shi ne damina. Mun ɗaure fatun nan a watan Mayu, lokacin da iska ke bushe, suna ƙara kamar faranti. Daren biki aka kwana ana ruwa. Da safe na buɗe sito na taɓa kuntuku, ya amsa mini kamar an bugi katifa. Fata tana shan danshi ta saki, rana kuma ta ƙi fitowa. Gangunan fareti masu fatar roba ko a jikinsu. Baba ya iso ƙarfe tara cikin wankakkiyar riga, ya taɓa fatun, bai ce komai ba, ya kwashe su ya nufi bakin ƙofar makaranta wurin mai gasa masara. Ya tsuguna yana kara su daga nesa da garwashin, yana juyawa, yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa yana saurare, mai masara na yi masa fifita. Na tsaya a kansu da tufafin bikina ina duba agogo. Kusan minti 20 kafin ya miƙo mini ya ce a yi maza kafin su huce.

An kira mu bayan jawabin shugaba. Yara biyun suka buɗe da kirari, wasu dattawa a layin gaba suka gane abin da kalangun ke faɗa, na ga ɗaya ya ƙarasa da bakinsa. Gudu ya ɗan ƙaru a tsakiya, mai fartanya ya ƙi bin su, suka dawo. Wurin shantu wata uwa ta rangaɗa guɗa daga baya har 'yarta ta kusa sakin nata. Da aka zo wurin ɗaukewa, jama'a suka ɗauka an gama, tafi ya ɓarke. Gabana ya faɗi. Na dubi yaran, sha ukunsu, leɓunansu a rufe suna motsi kaɗan-kaɗan, sai suka faɗo tare a tsakiyar tafin, har wani mai ɗaukar hoto ya zabura.

Bayan an watse na hango bahagon a can ƙarshen rumfa tare da 'yan ajinsu, ya ɗaga mini hannu ya wuce. Shugaba ta ce a ajiye mata kiɗan a rubuce saboda baɗi. Na ba ta shafi ɗaya mai jimla uku da zanen gidaje 12, ta juya bayansa tana neman sauran.

Ranar Asabar na mayar wa Baba kalangunsa da kuntuku, da ɗan abin goro. Ya duba bakin fatar, ya ja tsarkiya ɗaya-ɗaya, ya rataye a reshe. Na tambaye shi yadda ya ji. Ya ce matan sun yi, mai fartanya ma ya yi. Yaron da ke ƙarasa kirari kuwa har yanzu yana sakin hammata da wuri, giwar tasa ba ta fita.

"In an koma hutu ka turo mini shi ranar Alhamis. Amma ka fara zuwa wurin ubansa da kanka."